Wadda Take Danna Tallarku Daga Gwarzo

Gwarzo, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka. Yaya Legas, yaya aiki? Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau. An girbe dawar gonarmu ta ƙauyen Mainika, saniyar Baffa Sajo ta haihu, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa. Abin da ke damunmu ɗaya ne, kewarka, don sallah ta zo ta wuce har ta sake dawowa ba mu sa ka a ido ba.

Yaya, maganar da ka yi min a waya ce ta sa na ɗauki biro. Ka ce kamfaninku na haɗa manhajar waya yana neman sababbin masu ba da aiki, shi ya sa aka ɗora ka a kan talla a Gugul, duk wanda ya rubuta yana neman masu haɗa manhaja sai ku fito a sama, kuma duk dannawa sai an caje ku. Ka ce wani daga wajen Gwarzo da Kabo yana ta danna tallar kullum bai taɓa kawo aiki ba, har shugabanku ya fara yi maka kallon wanda bai iya ba, sai ka rufe yankin nan gaba ɗaya. Ka ce mahassada ne. To wallahi ba mahassada ba ne, Inna ce.

Ka san ta da alkunya. Kai ɗan fari ne, ba ta faɗin sunanka, ba ta tambayar labarinka, in ka kira ma sai ta miƙo min wayar wai tuwonta zai ƙone. Ni na taɓa rubuta mata kalmomin nan na neman masu haɗa manhaja a wayarta don ta ga aikinka, ta danna, sai ga hotonka da na abokan aikinka. Ta kalla ta ajiye wayar. Ashe kalmomin sun zauna a wayar, kullum in ta idar da sallar asuba sai ta leƙa. Da aka yi suna a gidan Goggo Uwaliya a Kabo kuwa, sai da ta sa matan gidan kaf suka danna, tana cewa su ga sana'ar yaran zamani. Na ajiye mata hoton don ta huta, ta ce ba ta so, wannan hoto ne kawai. Wancan da ake nema a samu shi ke nuna mutum yana nan yau, kamar yadda ake leƙa garke da safe.

Tun ranar da ka rufe, ta nema ta nema ba ka fito ba. Maƙwabciyarmu Malama Anastasia ta yi mata bayani, na yi, duk a banza. Gani take an kore ka ko kana kwance muna ɓoye mata. Abinci ma sai an yi da gaske. Jiya ta miƙo min wayar ta ce in bar kalmomin nan, in rubuta suna. Don tsokana na ce wane suna, sai kawai ta faɗa. Yaya, tunda nake a duniya ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai jiya, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Ban ce ka ɓata aikinka ba, abincinka ne, kuma mun san ba wasa ya kai ka can ba. Amma an ce zumunta a ƙafa take. In tallar ba za ta buɗu ba, kai ka zo ta gan ka, ko kwana kaɗan ne.

Baffa Sajo da Goggo Uwaliya suna gaishe ka, Salisu ma haka. Ka gaida min Anti Fiddausi, ka shafa min kan Muhammad Nur. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, ka san hali. Ga ta nan dai zaune a gefena da wayar a hannu, tana tambaya ko takarda tana daɗewa kafin ta isa Legas.

Ƙanwarka mai kewarka,
Zinnira