Ranar da Yayata Ta Wuce Tagar Ɗakin Madubi

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Asibitin Unguwarmu, Zangon Kumasi, tare da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Allah Ya taya ku riƙon jama'a.

Ni ne Fuseini mai duba jini, na ɗakin ƙarshe kusa da famfo, wanda kuka sani tun gemuna bai fara fari ba. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinku ana ce mini kuna taro. Labari ya iso mini cewa idan watan nan ya ƙare za a rufe ɗakina, a sa madubin duba jini a kwali, a mayar da wurin ma'ajiya, tunda yanzu akwai gwajin gaggawa na maleriya. Labarin ma ba daga bakinku na ji ba, daga bakin mai koko ta ƙofar asibiti na ji.

Na farko. Kafin wani ya rigaye ni, bari in faɗa da bakina: kishi nake yi. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a sunkuye kan madubin nan, har wuyana ya ƙage, tabarauna ya ƙara kauri. Da can bencina biyu cika suke yi tun da sassafe. Sai aka kawo 'yar roba mai tsawon yatsa, aka kafa mata tebur a baranda, aka zaunar da nas ɗinmu Malama Rahinatu. A huda yatsa, a ɗiga jini, a ɗiga ruwan gwaji, kafin mutum ya gama gaisawa da na kusa da shi an ce masa layi biyu, maleriya ce. Ni kuwa sai na shafa jini a gilashi, na jira ya bushe, na rina, na wanke, na sake jira, sannan in zauna neman ƙwayar cuta da idona. Yanzu matan unguwa Dokta suke ce wa Rahinatu. Ni ko da kuskure ba wanda ya taɓa kirana haka. Ranar da kuka kawo baƙi, teburinta kuka kai su aka yi ta ɗaukar hoto, da aka zo wucewa ta ƙofata na ji ɗaya yana tambaya ko nan ne ake ajiye tsintsiya. Duk ina kallo ta taga, kuma ya ci mini rai ƙwarai.

Na biyu. Duk da haka ban ce robar nan maƙaryaciya ce ba. Ranar da aka ɗauke wuta madubina makaho ne, ita kuwa tana aiki. Ta gano maleriya a jikin yara da yawa da sauri, an ba su magani kafin abin ya yi tsanani, na gani kuma na yarda. Sai dai tana da iyaka, kuma ba ni na ƙirƙira ba, takardar da ke cikin kwalinta ma ta faɗa. Ba ƙwayar cutar take gani ba, burbushin da ƙwayar ta bari a jini take ji, kuma burbushin nan yakan yi makonni a jiki bayan mutum ya warke sarai. Ba ta faɗin ko ƙwayoyin kaɗan ne ko sun cika jini. Idan sun yi ƙaranci, tana iya nuna layi ɗaya alhali mutum yana ɗauke da su.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Yayata ce, Hajiya Adiza mai atamfa a kasuwar Kejetia, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni. Wata safiya bayan Sallar layya ina zaune na hango ta ta shigo, tafiyarta ma ta nuna zazzaɓi take yi. Har na miƙe na jawo mata kujera. Sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta wuce tagata kamar ba ta san mai ɗakin ba, ta je ta miƙa wa Rahinatu yatsa. Layi biyu suka fito, aka ba ta maganin maleriya, ta fita ta ƙofar baya.

Ranku ya daɗe, na haɗiye wucewar kowa, amma wannan ta tsaya mini a maƙogwaro. Lungu ɗaya ne tsakanin gidana da nata, kullum bayan la'asar nakan leƙa ta. Kwana biyar ban taka ba. Mai ɗakina ta ce mini jikin Hajiya bai yi sauƙi ba, na amsa mata da cewa ai tana da Dokta. Da bakina na faɗi haka, a kan matar da ta goye ni.

A rana ta shida babbar 'yarta ta zo har wurin aiki ta tafi da ni. Na tarar da Hajiya tana karkarwa, ta dafe kwiɓi, ta kira ni da sunan mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Na ɗebi jini na dawo da gudu, na yi gilashi biyu, na duba har idona ya kawo ruwa. Ko ƙwaya ɗaya ta maleriya babu. Muka kai ta babban asibiti, aka gano ciwon mafitsara ne ya hau har ƙoda. Mako biyu ta yi a kwance, kuma har yau ba ta koma rumfarta ba.

Sai da ta farfaɗo na ji yadda aka yi. Ashe mako uku kafin zuwanta ta yi maleriya, ta sayi magani a kanti cikin kasuwa ta sha, ta warke. Ba ta son in sani, don ta san halina: na sha yi mata faɗan shan magani ba gwaji, har a gidan suna, a gaban ƙawayenta. Ba robar ta fifita a kaina ba, bakina ta gudu. Rahinatu kuma ta tambaye ta ko ta sha wani abu, Hajiya ta ce babu. Kun san zango, ga shi Hajiya aminiyar uwar Rahinatu ce. Yarinyar da ta durƙusa ta gaida aminiyar uwarta ba za ta miƙe ta tsare ta da tambaya ta biyu ba, balle a baranda, inda kowa ke ji, ga kuma tagata a buɗe. Robar ta ji burbushin tsohon ciwo ta nuna layi biyu, kowa ya tsaya a nan, sabon ciwo kuma ya ci gaba da cin ta.

Ban rubuto don a tuhumi Rahinatu ba. Abin da aka koya mata ta yi. Kullum tana zuwa duba Hajiya a gadon asibiti, ranar farko ma da kuka ta fita, ni kuwa ko sannu ta kirki ban yi mata ba. Idan za a raba laifi, nawa ya fi nauyi. Da na je a rana ta biyu ko ta uku na ga magani bai kama ba, da na ɗebi jini tun a lokacin. Kwana biyar ɗin nan nawa ne, kishina ya ci su. Amma ku lura, ranar da na dawo hayyacina akwai madubin da na gudu wurinsa. Idan kun sa shi a kwali, Hajiya ta gaba sai dai a sake huda mata yatsa, a sake ganin layi biyu.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

Kada a rufe ɗakin madubi. A nema wa kwalaye wani wuri.

Duk wanda ya sha maganin maleriya kwana uku bai ji sauƙi ba, ko ya dawo da zazzaɓi cikin wata guda, ko roba ta nuna layi ɗaya alhali jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a turo mini jininsa.

A ɗauke teburin gwaji daga baranda, a sa masa labule, don dattijo ya iya faɗin abin da ya sha ba tare da unguwa ta ji ba. Ni ma na yi alkawarin rage faɗa, ko da yake Hajiya ta ce sai ta gani.

Na ƙarshe shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Idona ba zai wuce 'yan shekaru yana wannan aiki ba, kuma duk asibitin nan ba wanda ya san yadda ƙwayar maleriya take a cikin jini sai ni. A turo mini Rahinatu safiya biyu a mako in koya mata. Na san ranar da ta iya, matan unguwa za su ce Dokta ta haɗa roba da madubi, ba wanda zai tuna wanda ya nuna mata. Zai yi mini ciwo, ba na ɓoyewa. Amma gara in gan ta a kan kujerata ina cizon yatsa da in ga kujerar babu kowa. Rahinatu ce Hajiya za ta miƙa wa yatsa, ba ni ba, to ina so ta iske idona a wurinta.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya sa ku gama da jama'a lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah Ya wanke mini zuciya.

Naku mai biyayya,
Fuseini, ɗakin ƙarshe kusa da famfo.

Wassalam.