Sunan Da Bakina Ya Ƙi Faɗi

Gure, Laraba bayan isha'i, watan Sha'aban

Alhamdu lillahi, an ba mu takardar riƙon yaron nan. 

Tun rasuwar uwarsa, ƙanwata Hadiza, yana wurina, amma kullum gabana na faɗuwa kada dangin babansa su zo su ɗauke shi. Yau baffansa ya bar shanunsa a Kelle, ya zo gaban alƙali ya ce sun yarda. An karɓi takardar haihuwarsa, an karanta abin da madam ɗin ofishin kula da yara ta rubuta ranar da ta zo duba gidanmu. Sunan mahaifinsa na nan, ba a taɓa ba, haka muke so.

Sai alƙali ya dube ni ya ce, "Malama, yaya sunan yaron?"

Bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da ban taɓa haihuwa ba, shi ne ɗan farina, ta yaya zan kira sunansa a bainar jama'a? Maigida na zungurina yana cewa, "Ke, faɗi mana, kada a ce ba ki san shi ba!" Na ce a raina shi ke nan, na ɓata komai.

Na roƙi biro, na rubuta sunan a hankali yadda aka koya mana a ajin manya, na miƙa.

Alƙali ya yi dariya ya ce, "Wannan kunyar ai ta uwa ce." Ya buga hatimi.

Ga shi can yana barci, ƙafa ɗaya waje da gidan sauro. Ko a littafin nan na kasa rubuta sunan, kuma ba mai kallona.