Farfesun da Ban Ɗanɗana Ba

Daren Talata, unguwar Ard al-Liwa

Babban yatsan ƙafata ya sake kumbura, ko takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce sinadarin yurik ne ya taru a jinina, wai in bar hanta da kayan ciki, in koma ganye. Ni da na gina gidan abincin nan da farfesu! Shekara goma tukunya ba ta sauka sai na ɗanɗana.

Yau matata ta ƙwace ludayin, ta ce, "Khalas, ya isa haka, Alhaji, je ka zauna." Na zauna ina jiran masu ci su yi ƙorafi. Sai wani ya suɗe kwano ya ce, "Alhaji, na yau ya fi na kullum, me ka ƙara?"

Na ce sirri ne. Ina jin dariyarta daga kicin.