Kafin Hanyar Darbangol Ta Rufe

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Zarmast Khan ɗan Mir Ajab, mazaunin garin Drosh, nake rubuta wannan da hannuna yau Talata. Gul Andam ta leƙo ta ce Laraba ce. To, Laraba. Ina cikin hankalina, ba kuma wanda ya tilasta ni. Ku uku nake yi wa magana: Sher Afzal babba, Nadir Aman mai bi masa, da autarku Gul Andam. Abubuwan da suka shige mini duhu kaɗan ne, sai dai kash, su ne ake bukata yanzu.

Na ɗaya. Gida da gonar tuffa, ku kira liman ya raba yadda Allah ya ce, ba ni da ta cewa. Roƙona guda ne: in na cika, ku kai ni ƙauyen Darbangol can kan dutse ku binne ni kusa da mahaifiyarku. Na yi mata alkawarin haka. Kun san hanyar nan. Ba direban haya da zai yarda ya hau ta a wannan lokaci, kuma da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, ta rufe ke nan sai bayan wata biyar. Likita ya ce makonni suka rage mini. Dutsen ma makonni ya rage masa. Ban san wanda zai riga wani ba.

Na biyu. A-kori-kurarmu ita kaɗai ta san hanyar, ga ta kuwa a tsakar gida bisa duwatsu, cikinta a buɗe, giyabos a ƙasa kan buhu. Ni kaɗai na sauke shi da jak da igiya, don na rasa wanda zan kira a cikinku in bar ɗaya. A nan ne ƙirjina ya riƙe, aka kwashe ni ranga-ranga.

Kusoshin da na kwance, na jera su cikin kofunan shayin mahaifiyarku guda goma sha biyu, kowane kofi da gurbinsa, daga hagu zuwa dama. Haka nake yi shekara talatin, ban taɓa ɓata ko ɗaya ba. Sai masu dubiya suka cika gida, Gul Andam ta juye su duka a kwano ɗaya ta wanke kofunan. Da na yi magana ta ce, "Haba Baba, baƙi goma sha ɗaya a ɗaki, a tafin hannu zan zuba musu shayin?" Gaskiyarta. Kada wanda ya ce mata uffan. Akwai dogayen kusoshi guda biyu a cikin kwanon, na sama ne. Ko na gefen sitata? Na rufe ido ina ganin su a hannuna, amma ba na ganin ramin. Ku gwada a hankali. Wanda ya ƙi shiga da yatsu, kada ku sa masa sufana.

Na uku. Sabon faifan kuloci yana cikin akwatin mahaifiyarku, naɗe a mayafinta. Fuska biyu gare shi, in kuka juya shi baibai giya ba za ta shiga ba, sai kun sake sauke komai. Don haka na goga masa alli a fuska ɗaya. Kwana uku ke nan ina kwance ina tambayar kaina, allin nan yana nufin wajen inji ne ko wajen giya? Wallahi na rasa. Ina jin fuskar mai tudu ce ke kallon giya. Kada ku dogara da ina jin. Ku aza shi a gurbinsa ku juya da hannu kafin ku ɗaure. In bai gogi komai ba, shi ke nan. Nadir, kai ke da ido. Sher, kai ke da hannu.

Na huɗu, ko na biyar ne, ku gyara lissafin da kanku. Akwai wani guntun icen tuffa da na feƙe, tsawonsa taƙi ɗaya da rabi. Shi ake zurawa ta tsakiyar faifan don ya zauna daidai kafin a ɗaure. In babu shi, za ku wuni kuna tura giyabos yana ƙi. Jiya na hango Gul Andam tana murza gurasa da shi. Ku karɓa da lallami, ku wanke garin. Ita kuma a bar mata kofunan nan, ta fi mu sanin amfaninsu. Jak ɗin na maƙwabcinmu Rahmat Wali ne, ku mayar masa da kwandon tuffa a kai.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye a kanta.

Wata bakwai ke nan ba ku gaisa ba, kuna cin abinci a gida ɗaya kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. A kan kulocin nan kuka fara. Sher, kai ka nuna Nadir ka ce, "Malamin makaranta ne ya cinye shi, tuƙi yake kamar mai taka ƙwai." Nadir, kai kuma ka ce, "Yaya ne ke labta mata kaya kamar ba gobe, sannan ya zo yana nuna mutane." Daga nan aka tono zancen gona, aka tono na aure, har da wani agogo da ni ban ma san da shi ba. Ina zaune ina shan shayina ina kallonku.

Ni ne na ƙona kulocin. Tun sanyin bara ƙafata ta hagu ta yi nauyi, ba na iya ɗauke ta daga kan kuloci. Haka nake barin ta a kai tun daga kasuwa har gida. Ina jin ƙaurin, sai in zuge gilashi. Na ji tsoron in na faɗa za ku karɓe makullin, ni kuwa ban san ko ni wane ne ba in ba na bayan sitiyari. Na zaɓi makulli, na bar ku kuna cin naman juna. Ina jin kunya ƙwarai, 'ya'yana. Ku yafe mini, don ban san da wace fuska zan gaya wa mahaifiyarku wannan ba.

Na ƙarshe. Ban ba ɗayanku motar nan shi kaɗai ba, ta ku biyu ce. Mutum ɗaya yana iya sauke giyabos, kun ga abin da ya jawo mini, amma mutum ɗaya ba ya mayar da shi. Sai ɗaya ya kwanta a ƙasa ya tallabe, ɗaya ya riƙe jak yana saiti. Kuma ba a yin sa da baki a rufe. Dole wani ya ce ɗaga, wani ya ce sauke, wani ya ce tsaya ka matse mini yatsa. Na sa an jawo gadona bakin taga. Ko zagin juna na ji kuna yi a ƙarƙashin motar nan, zan gode wa Allah. In kuwa kun ƙi, to ku binne ni nan Drosh, ba zan yi muku baki ba, sai dai mahaifiyarku za ta yi ta jira.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ku riƙe ƙanwarku, ku riƙe juna, kada a sake kafa tukunya biyu a gidan nan. Ranar da za ku hau da ni, Sher ya tuƙa zuwa gadar da ke kan hanyar, Nadir ya zauna baya tare da ni. A gada ku yi musanya. Wanda duk ke tuƙi, don Allah ya ɗauke ƙafarsa daga kan kuloci.