Sai da Izini Ake Shiga Lambun Sarki

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Mama? Tuffar gonarmu ta fara nuna kuwa?

Ni ƙalau nake a Beijing. Wanke-wanken gidan taliya ya ɗan tsattsage min hannu, amma man da Mama ta aiko yana aiki.

Tunda kana tafe wata mai zuwa, aiko min lambar katin shaidarka. Lambun sarakunan dā da Hasumiyar Ganga ba a shigarsu sai an kama wuri ta waya tun da wuri. Uwar ɗakina, Goggo Pang, ta ce, "O ni! Sarki ya daɗe a ƙasa, amma har yau talaka sai da izini?" Da ƙunƙuni ta ba ni yini ɗaya.

Kullum ta gindin katangar lambun nake wucewa, ban taɓa shiga ba, don hutuna yakan faɗo ranar da suke rufewa. Akwai tsohuwar bishiya da ke leƙowa ta saman katangar, wai ta girmi ƙauyenmu. Me suke zuba mata? Wa ke sassabe ta? Kai manomi, da ka damƙi ƙasar za ka gane.

Ganin likitan idonka ranar Alhamis ne. Na kama mana Laraba, mu fara kallo tukuna, kome zai faɗa ya faɗa daga baya.

Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka,
Lanfen