Doya a Kafaɗar Malama

Bwari, Mayu 1971

Zuwa ga 'yata Hannah,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Malam Philip na coci ke rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Asibi maƙwabciyarmu ta dawo daga Abuja, ta ce ta gan ki a filin sakandare da ƙwaryar doya a kafaɗa, ɗalibai sun kewaye ki. A kafaɗa fa, Hannah, irin ɗaukar kayanmu ta Gwarawa. Har uwarki ta mutu 'yan birni na nuna ta suna cewa ga Bagwariya. Na sa ki boko don a daina nuna mu, sai ga ki kina nuna kanki. Ko kasuwa na daina shiga. Ina nan tafe.

Ubanki,
Wakili

Abuja, Yuni 1971

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Da ma ka jira amsata kafin ka zo makarantar.

In na zana nauyi a allo a darasin kimiyya, barci yaran suke yi. Shi ne na tsara kowa ya ɗauki kaya a ka, sannan a kafaɗa yadda muke yi, ya faɗi inda ya ji nauyin, kafin mu buɗe littafi. Ba wanda ya yi gyangyaɗi. Ɗalibata Lantana, wadda ke ɓoye cewa ita tamu ce, ita ta koya wa sauran.

Mutumin da ka ture sa'ad da ka fizge ƙwaryar, sufeton makarantu ne. Shi zai ce a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Ya ce zai dawo ya ga darasin har ƙarshe. In ka hana, ba zan yi ba, ko da aikin zai tafi.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Hannah

Bwari, Yuni 1971

Hannah,

Na gaishe ki. Dariyar da yaran nan suka yi, na ɗauka ke suke yi wa. A hanyar dawowa na gane da wa suke. Har yau tuwo ba ya shiga.

Ban ce abin ya yi mini daɗi ba. Yi darasinki.

In sufeton ya tambayi wane ne tsohon nan, ki ce ba ki san shi ba. Ba zan yi fushi ba.

Allah ya tsare.

Ubanki,
Wakili