Amshin da Ban Yi Miki Ba, Balkissa

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, Balkissa, wadda tun da ta ɗauke min murya na rasa gabas na rasa yamma. Gaisuwa da kewa mai yawa.

Kin tuna ranar Lahadin da muka kalli fim ɗin fataken goro a ɗakin yayanki a unguwar Tokoin? Ayari zai kama hanyar Gwanja, mata suka fito rakiya suna wata waƙa. Sai na ji kina bin ta a hankali, hawaye na zuba, kika ce kakarki ce take yi miki ita. Da kika rako ni bakin ƙofa kika sake rera ta, kika tsaya cak kina kallona. Ni kuwa, sakarai ɗan boko, sai na tafa miki na hau zemijan, acaɓar nan, na tafi abina! Tun daga ranar ba kira, ba saƙo. Jiya kuma na ji wai za ki bi gwaggonki Kumasi bayan Sallah. Me na yi, hasken raina?

Na sake kallon fim ɗin har ƙarshen sunaye, ba su rubuta sunan waƙar ba. Na kunna wa wayata waƙar don ta gane min ita, ta kawo min kiɗan Larabawa. Haba! Sai na rufe shagona a kasuwar Adawlato na shiga lungunan Zongo ina rera ta da wannan muryar tawa ta kwaɗo. Baba Kimba mai goro ya rantse ta Zabarmawa ce, Hausawa aro suka yi. Tchakoura direba ya ce ƙarya ne, a Sokode aka yi masa reno da ita. Kowa ya san ta, babu wanda ya san sunanta, kaina ya ɗaure tamau.

Inna Assana mai koko ce ta ajiye ludayi ta dube ni da tausayi. Ta ce waƙar rabi ce. Mace ke ɗauko ta idan ana shirin rabuwa, namiji ya yi amshi. In ya amsa, ya ɗaure alkawari. In ya yi shiru, ya sallame ta ke nan. Wayyo Allah! Ashe tambayata kike yi a bakin ƙofar nan? Ko kuwa kakarki kawai kike tunawa, ni ne nake ta haukata? Wallahi ban sani ba, Balkissa. A fim ɗin ba a nuna maza suna amsawa ba, jakuna kawai aka nuna. A ina zan koya, ni da aka cika min kai da Faransanci?

Yanzu ga rikicin: Inna Assana ta koya min amshi ɗaya, Baba Kimba ya ce ba haka ba ne ya ba ni nasa, Tchakoura ma ya ƙara min na uku. Ban san na kakarki ba, kuma tsoro nake ji.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan tsaya a ƙofar gidanku in rera su duka, ɗaya bayan ɗaya, unguwa ta yi ta dariyarta. In kin ji na gaskiyar, ki leƙo. In duka kuskure ne, don Allah ki fito ki koya min kafin ki ɗaure kayanki.

Naki, wanda ba zai ƙara yi miki shiru ba har ƙasa ta rufe idonsa,
Samir